Ina ƙuri'ar onarabul ɗinmu ta shiga? Fashin baƙi kan biyayyar jam'iyya da aikin kwamiti a Majalisar Dokokin Ghana

Duk lokacin da majalisa ta amince da sabon haraji ko wani bashin ƙasashen waje, tambaya ɗaya ce ke yawo a zangunan Accra da Kumasi: shin ɗan majalisarmu ya goyi baya ne, ko ya ƙi? Matasa na yin ta a wuraren shan ataya na Nima da Maamobi, dattawa na yin ta a ƙofar masallatan Aboabo da Asawase bayan an sallame Juma'a, masu buga waya a shirye-shiryen rediyo na Hausa su ma ita suke maimaitawa. Tambayar tana kan hanya, sai dai yawancin masu yin ta suna zaton akwai wani kundi a majalisa da aka jera sunan kowane onarabul tare da inda ya jefa ƙuri'arsa a kan kowace doka, kamar yadda ake samu a majalisun Amurka da Ingila. A Ghana da wuya a sami irin wannan lissafi, kuma rashinsa yana da alaƙa da abubuwa biyu da ba a cika fahimtarsu ba, wato ƙarfin jam'iyya a kan ɗan majalisa da kuma aikin da ake yi a kwamitoci.

Yadda majalisa take yanke shawara

Majalisar yanzu tana da kujeru 276. Sashe na 104 na kundin tsarin mulkin 1992 ya ce ana yanke shawara da rinjayen waɗanda suke zaune suka kuma kaɗa ƙuri'a, da sharaɗin aƙalla rabin dukkan mambobi suna cikin zauren. Kakakin majalisa ba shi da ƙuri'a, idan kuma aka yi kunnen doki, ƙudirin ya faɗi ke nan.

Hanyar da aka fi bi ita ce ƙuri'ar murya. Kakaki ya karanta batun, ya ce masu goyon baya su amsa, zauren ya ɗauki amo; ya ce masu ƙi su amsa, ɗaya ɓangaren ma ya ɗaga tasa muryar; sannan ya auna da kunnensa, ya faɗi ɓangaren da ya rinjaya, ya buga guduma. Magatakardan da ke zaune a gabansa su rubuta cewa an amince. Wanda ya buɗe maƙogwaro ya amsa, da wanda ya sunkuyar da kai yana duba wayarsa, da wanda ya zame ya fita minti biyu kafin a yi tambayar, dukkansu a takarda matsayinsu ɗaya ne, domin babu sunan ko ɗaya daga cikinsu. Idan wani ya ƙalubalanci hukuncin Kakaki, ana iya sa mambobi su miƙe tsaye a ƙirga su, abin da jama'a ke ji a ƙarshe kuwa shi ne jimilla. Akwai hanya ta uku da ake rarraba mambobi a rubuta sunan kowa da ɓangaren da ya bi, amma ba kasafai ake kaiwa gare ta ba. Sai kuma ƙuri'ar sirri, wadda tsarin mulki ya wajabta idan ana gyaran kundin kansa, ko ana zaɓen wani mutum ko tsige shi.

Harajin E-Levy, wanda aka ɗora kan tura kuɗi ta hanyar lantarki, ya isa misali, tunda babu mai tura kuɗi ta momo (asusun kuɗi na wayar hannu) a zango da bai ji zafinsa ba. An kai ruwa rana a kansa tun ƙarshen 2021, har aka ba hammata iska a zauren majalisa a daren 20 ga Disamba. Da aka zo amincewa da shi ranar 29 ga Maris 2022, a kan kashi 1.5 cikin ɗari, mambobin NDC, jam'iyyar adawa a lokacin, sun fice, na ɓangaren NPP mai mulki kuma suka zartar da shi. Bayan haka Haruna Iddrisu da Mahama Ayariga da Samuel Okudzeto Ablakwa, dukkansu 'yan majalisar NDC, suka garzaya Kotun Ƙoli suna cewa waɗanda suka rage a zauren ba su kai rabi ba, kotun kuma ta ƙi dakatar da harajin. Dokar da ta shiga aljihun miliyoyin mutane ta wuce, alhali ko adadin waɗanda suke zaune lokacin sai da ya zama abin gardama a gaban alƙalai. An soke harajin a 2025, amma hanyar da aka bi aka kafa shi tana nan yadda take.

Daga ina jam'iyya ta sami wannan ƙarfi?

Mutane da yawa sun ɗauka cewa idan ɗan majalisa ya saɓa wa jam'iyyarsa a wajen ƙuri'a zai rasa kujerarsa. Doka ba ta faɗi haka ba. Abin da sashe na 97 ya tanada shi ne, kujera tana zama babu kowa idan mamba ya bar jam'iyyar da aka zaɓe shi a cikinta ya koma wata, ko ya nemi ci gaba da zama a matsayin mai zaman kansa, haka ma idan an zaɓe shi a matsayin mai zaman kansa ya shiga jam'iyya. Asalin wannan tanadi yana komawa ga zamanin Nkrumah, lokacin da 'yan adawa suka riƙa sauya sheƙa zuwa jam'iyyarsa ta CPP ɗaya bayan ɗaya, har ƙasar ta zama ta jam'iyya guda a 1964. An so a hana sayen mambobi ne, kuma ta wannan fuska tanadin ya yi aiki.

An gwada iyakar wannan sashe a 2024. Ranar 17 ga Oktoba, Kakaki Alban Bagbin ya ayyana kujeru huɗu a matsayin babu kowa, na Agona West da Suhum da Amenfi Central da Fomena, saboda masu riƙe da su sun yi rajistar takarar zaɓen Disamba ba a ƙarƙashin tutar da ta kawo su ba. Alexander Afenyo-Markin, jagoran 'yan majalisar NPP, ya kai ƙara, ranar 12 ga Nuwamba kuma Kotun Ƙoli, da alƙalai biyar a kan biyu, ta ce matakin Kakaki ya saɓa wa tsarin mulki. Ma'anar hukuncin ita ce shirin da mutum yake yi don majalisa mai zuwa ba ya raba shi da kujerarsa ta yanzu.

To idan doka ba ta hana shi saɓawa ba, me ke ɗaure shi? Na farko muƙami. Sashe na 78 ya ce mafi yawan ministoci dole a ɗauko su daga cikin 'yan majalisa, shugaban ƙasa kuma shi ke naɗawa. Duk ɗan majalisar jam'iyya mai mulki da bai sami kujerar minista ba yana sa ran a tuna da shi a garambawul na gaba, ko a ba shi mataimaki, ko a sa shi a hukumar gudanarwar wani kamfanin gwamnati. Mutumin da ke jiran kira daga Jubilee, fadar shugaban ƙasa, ba zai tashi ya tsananta wa ministan kuɗi da tambaya ba. A ganina wannan sashe shi ne babban abin da ya raunana majalisar Ghana, domin ya mayar da masu sa ido masu neman aiki a wurin wanda aka ce su sa wa ido.

Na biyu zaɓen fid da gwani. A mazaɓun da jam'iyya ɗaya ta yi kaka-gida, kamar yadda NPP take a yawancin yankin Ashanti ko NDC a Asawase da Nima, babban yaƙin a cikin gida ake yin sa, a hannun daliget, wato wakilan da ke zaɓen ɗan takara, da shugabannin jam'iyya na mazaɓa. Takarar kuma kuɗi take ci. Wani bincike da cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ta CDD-Ghana ta yi tare da gidauniyar Westminster ya nuna cewa a zaɓen 2016 ɗan takara na kashe kusan sidi 390,000 daga fid da gwani zuwa babban zaɓe, ƙarin kashi 59 cikin ɗari a kan na 2012. Wanda ya shiga majalisa da bashin masu ɗaukar nauyinsa a wuya, ai kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Na uku shi ne mai tsawatarwa, wanda wasu ke kira bulaliyar majalisa. Shi ke ƙirga mutanensa kafin kowace ƙuri'a mai nauyi, shi ke bin waɗanda suka yi tafiya da waya, kuma yana da baki a kan wanda zai yi magana a muhawara da wanda zai shiga wane kwamiti. Shi kansa ba shi da tabbas. Mutanen Kumasi ba su manta da Janairun 2023 ba, lokacin da uwar jam'iyyar NDC ta aika wasiƙa ta sauke Haruna Iddrisu daga shugabancin marasa rinjaye ta ɗora Cassiel Ato Forson, ta kuma cire Muntaka Mohammed-Mubarak na Asawase daga kujerar babban mai tsawatarwa. Idan hedikwatar jam'iyya za ta iya yi wa shugabannin majalisa haka da takarda guda, sabon shiga da ke zaune a kujerun baya ya san iyakarsa.

Lokutan da biyayyar ta tsage

Duk da haka ana saɓawa, kuma inda ake saɓawar shi ne abin lura. A daren 6 zuwa wayewar 7 ga Janairun 2021, NPP da NDC kowacce na da kujeru 137, ɗan Fomena mai zaman kansa, Andrew Asiamah Amoako, ya ce zai zauna da NPP. A lissafi Farfesa Mike Oquaye na NPP ne zai koma kujerar Kakaki. Aka kwana ana ja-in-ja a kan ko ƙuri'ar za ta kasance ta sirri da gaske, aka yi fatali da akwati, sojoji suka shiga zauren, ana cikin ƙirga kuma Carlos Ahenkorah na NPP ya wafci takardun ƙuri'a ya ruga, Muntaka ya bi shi a guje ya cafke shi kafin ya tsere. Da ƙura ta lafa, Bagbin na NDC ya sami 138, Oquaye 136. Har yau babu takardar da ta nuna wanda ya juya wa NPP baya.

Ranar 24 ga Maris 2023 abin ya faɗa kan NDC. Jam'iyyar ta umarci mambobinta su ƙi amincewa da ministocin da Shugaba Akufo-Addo ya gabatar, tana cewa gwamnati ta yi yawa a lokacin da tattalin arziki ke cikin ƙunci. Aka yi ƙuri'ar sirri, dukkan mutum shidan suka tsallake. K.T. Hammond ya sami 154, Bryan Acheampong 167, alhali ɓangaren gwamnati duka-duka bai wuce 138 ba. Magoya baya suka yi ta zargin cin amana, kowane onarabul kuma ya fito yana rantsuwa ba ya ciki.

Misali na uku ya fi waɗannan biyun bayyana yadda abin yake. A Oktoban 2022, gungun 'yan majalisar NPP suka fito fili suka nemi a sauke Ministan Kuɗi Ken Ofori-Atta. Da marasa rinjaye suka kawo ƙudirin tsige shi ranar 8 ga Disamba, wanda ke buƙatar kashi biyu cikin uku na dukkan mambobi, kuma a asirce za a kaɗa, sai ɓangaren NPP gaba ɗaya ya tashi ya fice, har da masu ƙorafin. Aka sami ƙuri'u 136, ƙudirin ya mutu. Ficewa daga zaure ita ce maganin da masu tsawatarwa suka samo wa ƙuri'ar sirri, domin ba a ganin abin da mutum ya dangwala, amma ana ganin wanda ya ƙi tashi daga kujerarsa.

A nan ra'ayi ya rabu biyu. Masu kare sirri suna cewa shi kaɗai ne ke bai wa ɗan majalisa damar bin zuciyarsa ba tare da tsoron hedikwata ba, kuma ba don shi ba da Ghana ba ta taɓa ganin Kakaki daga ɓangaren adawa ba. Masu suka suna cewa duhun da ke kare mai gaskiya shi ne kuma ke rufa asirin wanda aka saya, mai zaɓe kuwa ba shi da hanyar bambance su. Duka biyun suna da hujja. Abin da ya kamata a lura da shi shi ne tsarin mulki ya taƙaita sirrin ga zaɓen mutane da tsige su da gyaran kundi. Haraji da bashi da kasafin kuɗi ba sa cikin jerin, don haka babu abin da ya hana a rubuta sunaye a kansu sai al'adar majalisa.

Kwamiti, inda ake dafa dokar

Mai kallon talabijin yana ganin zaure ne kawai, amma kafin ƙudiri ya iso can an riga an gama yawancin aikinsa. Bayan karatu na farko ana miƙa shi ga kwamitin da abin ya shafa, a bi shi sashe bayan sashe, a saurari ma'aikatar da ta kawo shi da ƙungiyoyin da ke da ƙorafi, a rubuto rahoto. Sashe na 103 ya ce kowane mamba dole ya kasance cikin aƙalla kwamiti ɗaya na dindindin, ya kuma ba kwamitoci ikon Babbar Kotu wajen tilasta wa shaida halarta da fito da takardu. Yarjejeniyar bashi da yafe wa kamfanoni haraji ta Kwamitin Kuɗi suke bi. Kwamitin Binciken Asusun Gwamnati, wanda ɗan adawa ke shugabanta, shi ke zaunar da shugabannin ma'aikatu da na gundumomi a kan rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi. Kwamitin Tantancewa, mai tantance waɗanda shugaban ƙasa ya gabatar don muƙamai irin na minista, shi ne wanda jama'a suka fi sani, musamman bayan daren 30 ga Janairun 2025 da aka kifar da tebura aka lalata makirufo, har Kakaki ya dakatar da mambobi huɗu.

A ƙaramin ɗakin kwamiti ne ake ganin wanda ya karanta takarda da wanda bai buɗe ta ba, kuma a can ne 'yan jam'iyyu biyu suke iya yarda da juna a kan gyaran jimla ɗaya da za ta rage wa ƙaramin ɗan kasuwa nauyi. Sababbin ƙa'idojin majalisa da suka fara aiki a farkon 2024 sun mayar da zaman kwamitoci a buɗe ga jama'a, sai inda aka ga dalilin rufewa. Wannan sauyi ne mai girma, ko da yake bai sami yayatawar da ta dace da shi ba.

Abin takaici shi ne aikin kwamiti ba ya cin zaɓe. A fid da gwanin NPP na Yunin 2020, Mark Assibey-Yeboah, shugaban Kwamitin Kuɗi, ya sha kaye a New Juaben South, haka ma Ben Abdallah Banda, shugaban kwamitin da ke kula da tsarin mulki da shari'a, a Offinso South. Duk ɗan majalisar da ya ga haka ya fahimci cewa kwana uku yana bitar ƙudiri ba ta kai halartar jana'iza ɗaya a mazaɓa daraja ba a idon daliget.

Ma'aunin da muke auna su da shi

Mu ma da namu kason a cikin wannan. Tun bayan sallar asuba ƙofar gidan onarabul take cika: uwa riƙe da takardar kuɗin makaranta, saurayi da takardun neman shiga soja ko 'yan sanda a cikin ambulan, wakilin masu suna da na masu biki da na masu addu'ar arba'in, ga mai neman kujerar Makka, azumi kuma na zuwa a fara jiran shinkafa da sukari. Buƙatun gaskiya ne, talauci ne ya kawo su, ba kuma za a zargi mai ɗa a asibiti don ya nemi taimako ba. Amma a duk layin da wuya a sami mai tambayar kwamitin da onarabul yake ciki.

Kwata da titin unguwa da kwashe shara aikin majalisar gunduma ne, wadda shugaban ƙasa ke naɗa shugabanta da amincewar kashi biyu cikin uku na mambobin da suka kaɗa ƙuri'a. Ɗan majalisar ƙasa yana zama a cikinta, amma ba shi da ƙuri'a. Abin da ke hannunsa ɗan kaso ne daga asusun bai-ɗaya na gundumomi, wanda ba ya gina babbar kwata irin ta Nima. Sannan sashe na 108 ya hana majalisa duba duk ƙudirin da zai ƙaƙaba haraji ko ya ɗora wa baitulmali nauyi, sai idan daga shugaban ƙasa ya fito. Shi ya sa Asusun Raya Zango na 2017 gwamnati ce ta kawo dokarsa. Francis-Xavier Sosu, ɗan majalisar mazaɓar Madina, ya nuna cewa mamba na iya kai ƙudirinsa na ƙashin kai har ga nasara, domin a Yulin 2023 majalisa ta amince da ƙudirin cire hukuncin kisa daga dokar manyan laifuka da kuma na haramta zargin mutane da maita. Amma na maitar ya maƙale a teburin Shugaba Akufo-Addo, wanda ya kafa hujja da wannan sashe na 108 ya ƙi sa hannu.

Abin da za a iya bincika, da abin da ya rage

Rashin jerin ƙuri'u bai sa ɗan majalisa ya ɓace gaba ɗaya ba. Kundin Hansard yana ɗauke da duk maganar da aka yi a zaure da sunan mai ita, daga nan za a san ko onarabul ya taɓa tayar da batun ambaliyar Aboabo ko ya yi wa minista tambaya kan asibitin Maamobi. Takardar da ake fitarwa bayan kowane zama tana nuna wanda ya halarta, da wanda ya yi fashi da izini, da wanda ya yi ba izini. Ƙungiyar Odekro ta sha tattara irin waɗannan bayanai ta fitar wa jama'a, dokar 'yancin samun bayanai ta 2019 kuma ta ba kowa damar nema a rubuce. Tsarin mulki ya ce fashin zama 15 ba tare da izinin Kakaki ko gamsasshen bayani ba na iya raba mutum da kujerarsa, a kan haka ne aka miƙa Sarah Adwoa Safo da Kennedy Agyapong da Henry Quartey ga kwamitin ladabtarwa a Afrilun 2022. Sai dai a riƙa tunawa cewa suna a jerin mahalarta ba ya nuna tsawon zaman da mutum ya yi, yawan magana kuma ba shi ne yawan aiki ba.

A majalisar da aka rantsar a Janairun 2025, NDC na da kujeru fiye da 180, saboda haka babu ƙuri'ar da za ta tsaya a kan mutum ɗaya kamar yadda aka gani daga 2021 zuwa 2024. Duk abin da gwamnati ta kawo zai wuce zaure cikin sauƙi, wurin da ya rage a tace shi kuwa shi ne kwamiti da taron cikin gida na jam'iyya mai mulki. Ga mazaɓun zango, waɗanda galibinsu ke hannun NDC, wannan na nufin wakilansu suna kusa da wuta, amma kuma su ne suka fi fuskantar matsin yin shiru.

Gyaran sashe na 78 sai an taɓa tsarin mulki, yana kuma cikin batutuwan da aka yi ta tattaunawa tun da Shugaba Mahama ya kafa kwamitin bitar kundin ƙarƙashin Farfesa H. Kwasi Prempeh a 2025. Rubuta sunaye a wajen ƙuri'a bai kai haka wuya ba, domin sashe na 110 ya bar wa majalisa ikon tsara ƙa'idojinta da kanta. Tana iya wajabta cewa duk dokar haraji, da yarjejeniyar bashi, da kasafin kuɗi, sai an rubuta sunan kowane mamba da matsayinsa an kuma wallafa. Za a ce hakan zai ƙara wa masu tsawatarwa ƙarfi, tunda za su ga mai saɓa musu a fili. Amma su dama suna zaune a zauren suna kallon kowa, sun san wanda ya amsa da wanda ya zame. Mai zaɓe a Nima da Asawase ne kaɗai bai sani ba, kuma shi ne mai biyan harajin da bashin.